Lambun itatuwan garinmu bayan an ƙara masa fili: abin da na gani a zuwa biyu

Tun watan Satumba na so in rubuta wannan sharhi, a daren ranar da na fara kai iyalina lambun itatuwan nan na jama'a da ke bayan gari, wanda aka ƙara wa fili. Mahaifiyata ce ta tsayar da ni. Ta ce, "Da damina kowane icce kyakkyawa ne. Bari bazara ta gwada shi tukuna." Na ji maganarta, na haƙura har watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, iska na bugun fuska kamar an buɗe bakin tanda, sannan na sake komawa. Abin da zan faɗa na waɗannan zuwa biyu ne.

Na yi murna da wannan aiki, murnar da har yanzu ba ta sake ni ba, kuma duk mai iyali a garin nan ina ba shi shawarar ya ɗebi yaransa ya je. Akwai gyara, kuma ba ƙarami ba ne, zan zo kansa.

Wanda ya san lambun a da ya san abin da ke cikinsa: layin bedi, layin turare, 'yan furanni a bakin ƙofa, da bencunan siminti. Wurin ɗaukar hoto ne da Sallah, sai ɗalibai masu neman inuwar karatu idan jarrabawa ta matso. Ba raina bedi nake yi ba. Daga ƙasar Indiya ya fito, a 1928 aka fara dasa shi a Borno, kuma yau in ka cire shi daga titunan Katsina, tun daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Sauri, ban ga inda mai shayi da mai faci za su fake ba. Kanawa su ce darbejiya, wasu su ce dogon yaro, mu mu ce bedi, kowa ya mai da shi ɗan gida. Amma yaron da ya tashi bai san icce ba sai bedi, an rage masa wani abu daga gadonsa. Sabon filin da aka ƙara, wannan giɓin ya zo cikewa, domin kusan gaba ɗaya itatuwanmu na gida aka ba shi.

Abu na farko da ya burge ni shi ne abin da ba su yi ba. Filin tsohuwar gona ce, kuma da aka zo aiki ba a turo katafila ta share komai ba. Tsofaffin itatuwan da aka tarar a tsaye an bar su: gawo guda uku, wata ƙatuwar kuka, tsamiya biyu, da goriba a can kusurwar gabas. Hanyoyin tafiya ne aka lanƙwasa suka kewaye su. Sababbin dashen kuma aka jera su dangi dangi. Masu 'ya'yan ci a gefe guda, su kanya, ɗinya, aduwa, magarya, kurna, danya, taura da tsada. Masu ƙaya a nasu gefen, bagaruwa da ɗakwara da farar ƙaya. Dangin ɓaure, wato ceɗiya da durumi da gamji, an ba su wuri mai faɗi saboda an san girman da za su yi.

A gindin babban gawon ne ɗana na fari, mai shekara 10, ya tsaya ya ɗaga kai. Ko'ina kore shar, ciyawa har gwiwa, shi kuwa gawon tsirara yake, rassa farare ba ganye ko ɗaya. Ya ce, "Baba, wannan ya mutu, me ya sa ba su sare shi ba?" Dattijon da ke zagayawa da mu, tsohon ma'aikacin gandun daji ne, bai amsa ba, sai ya juya ga mahaifiyata ya ce, "Hajiya, ke za ki ba shi amsa, na ga alama kin fi ni sanin wannan." Ta dafa jikin iccen ta ce wa jikan nata, "Barci yake yi, maigidana. Shi da damina yake kakkaɓe ganyensa, in kowa ya bushe sannan ya tashi." Ta ba shi labarin gonar mahaifinta a ƙasar Mai'aduwa, inda geron da ke ƙarƙashin gawo kullum ya fi na sarari tsawo da kaurin zangarniya. Dattijon ya ƙara bayani: da yake ba shi da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, saiwarsa kuma na ɗauke da wasu ƙananan halittu masu jawo sinadarin naitirojin daga iska su sa a ƙasa. Da rani dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashinsu a nan. Shi ya sa manomin da ya san ciwon kansa ba ya sa wa gawo gatari.

Ni malamin makaranta ne, na sha koyar da wannan a kan allo. Ban taɓa ganin ya shiga kan yaro kamar yadda ya shiga a ranar ba.

Kowane icce an kafa masa ɗan allon ƙarfe, sunan Hausa a sama da manyan baƙaƙe, sunan kimiyya a ƙasa. Wannan allo shi ne ya raba lambun nazarin tsirrai da wurin shan iska kawai. Manyan lambuna irin na Kew da ke Landan, wanda aka kafa a 1759, ko na Aburi a Gana na 1890, aikinsu ke nan tun asali: a tara tsirrai, a san sunan kowanne, a adana irinsa, a koyar da mutane. Na daɗe a gaban allunan nan. A ƙarƙashin kuka an rubuta Adansonia digitata, sunan da aka ciro daga na Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi nazarin tsirrai a Sanagal. A ƙarƙashin ɗorawa an rubuta Parkia biglobosa, daga sunan Mungo Park, Baturen da ya bi kogin Kwara. Hano kuwa Boswellia dalzielii ne, daga sunan Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewa ya kuma tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafi a 1916. Na nuna wa yarana na ce su lura da kyau: mutanen nan daga nesa suka zo, suka tambayi kakanninmu, suka rubuta. Daɗin da na ji shi ne a wannan lambu sunanmu ne a sama.

A wurin allunan ne kuma muka ci karo da kuskure na farko. Mahaifiyata ba ta karatun boko, don haka ni nake karanta mata. Da na ce "magarya", sai ta kalli dashen, ta tsinki ganye ɗaya ta juya bayansa ta ce, "A'a. Kurna ce wannan." Ta nuna mana: bayan ganyen magarya fari-fari ne mai laushi kamar an barbaɗa masa gari, na kurna kuwa kore ne gaba da baya. Ta ce wadda ta sha dakan ganyen magarya don wankan gawa ba za ta ɓata shi ba. Dattijon ya karɓi ganyen ya duba, ya ce, "Wallahi gaskiyarki, Hajiya. Masu kafa alluna ne suka musanya." Bai yi musu ba, bai nemi kare kowa ba. Da na koma a Afrilu na tarar an mayar da kowane allo wurinsa. Wannan kaɗai ya ƙara mini yarda da mutanen wurin.

Ana iya tambaya, icce da ke daji kyauta, mene ne na kewaye shi a gari har a riƙa karɓar kuɗin shiga? Wanda ya yi wannan tambaya ya daɗe bai shiga dajin ba. Ƙananan hukumomi uku a jihar nan sunan itatuwa suke amsawa, Rimi da Ɓaure da Mai'aduwa. Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, da gamji ake yi masa kirari. Amma a ajina na tambaya wa ya taɓa ganin gamji, hannu biyu kawai suka tashi. Ƙirya, wadda ake sassaƙa turmi da ita, maƙera kuma ba su da gawayin da ya fi nata, sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga babba guda. Itacen girki da buhunan gawayi da ke shigowa gari kullum ba daga sama suke faɗowa ba. 'Yata ta san kuka a matsayin garin miya da ake aunawa a kasuwa, ba ta san icce ba ce da mutum biyar ba za su iya rungume ta ba, sai ranar da ta tsaya a gabanta.

Na san gwamnatoci sun yi ta ƙoƙari. Katsina na cikin jihohi 11 na Arewa da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 don a yi shingen itatuwa mai tsawon kusan kilomita 8,000 daga Sanagal zuwa Jibuti, kuma Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015. Amma darasin da ya fi kama hankalina na maƙwabtanmu ne, 'yan'uwanmu na Maraɗi. Tun wajen 1983 manoman can suka fara barin kututturan da ke tohowa a gonakinsu, su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su sassabe sauran, maimakon su ƙone komai. Da wannan dabara, wadda ba ta bukatar ko leda ɗaya ta dashe, masu bincike sun ƙiyasta an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, akasarinsu irin su gawo. A sabon filin lambun an ware wani ɗan yanki inda aka nuna wannan a aikace, da kututturan sabara da kalgo da aka gyara, kusa da ramukan rabin wata masu tare ruwan sama. In da ni ke da iko, da wannan yanki zan fara kai kowane baƙo, musamman manoma. Abin takaici shi ne yana can ƙarshen lambu, ba alamar da ke nuna hanyarsa, yawancin mutane ba sa kaiwa.

Sai wurin rainon dashe, inda kuɗina suka fita. Rumfa ce doguwa ta zana, ƙarƙashinta dubban baƙaƙen leda cike da yashi da taki. Na tarar da wata ma'aikaciya tana tsame 'ya'yan kuka daga ruwan da aka jiƙa su, ta ce ɓawonsu tauri gare shi, in ba a jiƙa ko an ɗan kankare ba sai su daɗe a ƙasa ba su tsiro ba. Ta nuna mini magarya mai aure, wadda aka ɗaura wa reshen wata irin magarya ta Indiya a kan gindin tamu ta gida, 'ya'yanta kan yi girma kamar ƙaramin lemun tsami. Farashin bai fi ƙarfin talaka ba, kuma ya fi na masu sayarwa a bakin titi sauƙi. Na sayi huɗu: tsamiya, magarya mai aure, zogale da ɗinya.

A nan ina da ƙorafi. Saurayin da ya karɓi kuɗin bai tambaye ni inda zan dasa ba, bai ce mini komai ba, ya miƙo ledoji kawai. Sai a bakin ƙofa dattijon ya ga abin da na riƙo, ya ce, "Malam, ai ka makara. Dashe a watan Yuli ake yinsa, in ruwa ya zauna, icce ya samu wata biyu yana sha kafin a ɗauke. Yanzu kai ne daminarsu." Ya ce in haƙa rami mai zurfin kamu biyu, in cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki, in zuba toka saboda gara, in yanke gindin ledar a hankali kada ƙasar ta warwatse. Ya kuma koya mini in binne tulu kusa da kowane dashe, bakinsa a waje, in riƙa cika shi in rufe, ruwan na tsattsafowa kai tsaye zuwa saiwa. Game da ɗinya ya girgiza kai, ya ce ita mai son damshi ce, ta fi jin daɗin bakin fadama, a tsakar gida mai jigawa irin tawa da wuya ta kai. Haka kuwa aka yi. Zogalen ya wuce katanga, tun watan Janairu ake tsinkar ganyensa ana kwaɗo. Tsamiya da magarya suna nan da ransu, suna tafiya a hankali. Ɗinyar ta bushe a watan Fabrairu. Da a wurin biyan kuɗi aka gaya mini abin da aka gaya mini a bakin ƙofa, da aduwa na ɗauka. Bayanin da ke bakin wannan dattijo ya kamata a ce yana bakin kowane mai sayarwa a rumfar, ko a rubuta shi da Hausa a ɗan takarda a haɗa wa mai saye.

Zuwa na biyu mun isa da hantsi, ranar Asabar. Tun daga ƙofa ɗana ya ruga, na san inda ya nufa. Ciyawar nan duk ta zama ƙura, kukar ta zubar da ganyenta ta tsaya fayau, amma gawon ya cika da ganye, inuwarsa ta yi duhu, 'ya'yansa masu launin ruwan goro, a murɗe, sun zuba a ƙasa. Yaron ya tsaya a daidai inda ya tsaya a Satumba, ya kira kakarsa da ƙarfi, "Inna, ya tashi!" Ya cika aljihunsa da 'ya'yan don ya kai wa tunkiyarmu.

Bazarar ta gwada lambun, kamar yadda mahaifiyata ta ce. Dashen da ke kusa da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana sun yi kyau ƙwarai, kanya da danya sun kai ƙirjina. Amma bututun bai kai ƙarshen filin ba. A can na ga ma'aikata biyu suna tura kura cike da jarkoki cikin yashi, rana na dukansu, kuma duk da wahalar da suke sha, layin ɗorawa da na maɗaci kusan rabi sun bushe, sai allunan a tsaye gaban ƙirare. Ta gefen arewa an ɓalle waya, awaki na shiga, na ga bagaruwar da aka gwaguye har ƙasa. Wanda ya kashe kuɗi ya ƙara fili, ya sayo dashe, ya buga alluna, bai kamata 'yan mitocin bututu da ɗaurin waya su gagare shi ba. Damina a nan wata huɗu ce in ta yi kyau, sauran wata takwas ɗin su ne aikin.

Sauran abubuwan da suka dame ni zan faɗe su a taƙaice. Banɗaki akwai, ruwa babu, duka zuwan biyu. Babu keɓaɓɓen wurin alwala da salla na mata, sai da mahaifiyata ta shimfiɗa mayafinta a bayan tsamiya. Hanyoyin sabon filin yashi ne mai zurfi, mai keken guragu ba zai wuce ƙofa ba. Ana rufewa tun kafin rana ta yi sanyi sosai, alhali a wannan yanayi bayan la'asar ne mutum ke iya fita da yara. Kuma mu masu zuwa muna da namu laifin, domin ledojin ruwa da na gani a gindin itatuwa ba ma'aikata suka zubar ba, ga kwandunan shara a kusa.

Wanda zai je, ya je da sassafe, ya riƙe ruwan sha da hula, domin sabon filin bai yi inuwa ba tukuna sai a gindin tsofaffin itatuwan nan. Kuɗin shiga kaɗan ne, bai kai abin da muka biya mai Keke Napep ya kawo mu ba. Ya nemi a haɗa shi da mai zagayawa, kada ya yi yawo shi kaɗai yana karanta alluna. In kuma akwai tsoho ko tsohuwa a gida da suka tashi a ƙauye, to da su za a je. Abin da mahaifiyata ta faɗa a yankin tsirran magani kaɗai, kan sabara da ake dafa wa mai jego, da bagaruwar da majema ke jima da ita, da ƙaron ɗakwara da ake sa wa tawada, ya fi abin da ke rubuce a allunan duka. Ma'aikatan ma sun yi kyau da suke gargaɗin kada kowa ya tsinki ganye ya je ya sha ba tare da sanin ƙa'ida ba.

Tun zuwan farko mahaifiyata ta lura babu gawasa a lambun. Ta zagaya yankin masu 'ya'ya sau biyu tana dubawa, ta tambayi dattijon, ya ce sun nema ba su samu iri mai kyau ba. Ba ta ƙara cewa komai ba. Ashe da muka koma gida ta aika wa ƙanenta a ƙauye. Ranar zuwanmu na biyu, da muka zo rumfar rainon dashe, sai ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙwallayen gawasa guda tara, ta zuba a tafin dattijon. Ta ce daga iccen da ke bakin gonar mahaifinta ne, wanda ta sha a ƙarƙashinsa tana yarinya. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Allah ya saka da alheri, Hajiya, ya sa a mizani." Nan take ya kira ma'aikaciyar nan ta kawo ledoji tara, ya tsuguna ya binne su ɗaya bayan ɗaya, 'yata na zuba ruwa da ɗan gwangwani. Ya ce mu dawo in ruwa ya zauna mu ga nawa suka fito. Na riga na nemi izinin shugaban makarantarmu, a watan Yuli da 'yan ajina zan koma.